Wai Selena Gomez mawaƙiya ce ko 'yar fim?

Zee: Salam jama'a, ku raba min gardama don Allah. Ni dai tunda na san Selena Gomez a mawaƙiya na santa, amma yau naga ana ta cewa wai ita asalinta 'yar wasan talabijin ce, waƙar ma ɗora mata aka yi. Masu bibiyarta ina kuke?

Ɗan Kiɗa: Masu faɗin hakan sun fi ki gaskiya ƙanwata. Tun tana 'yar shekara goma take gaban kyamara, a shirin yaran nan Barney & Friends mai ƙaton dodo shunayya, daga 2002 zuwa 2004, a can ma suka haɗu da Demi Lovato. Daga nan Disney suka ɗauke ta, ta ɗan leƙa Hannah Montana a matsayin abokiyar hamayyar Miley Cyrus, sai a 2007 aka ba ta nata shirin wato Wizards of Waverly Place inda ta fito a Alex Russo, aka yi ta yi har 2012. Albam ɗinta na farko kuwa sai 2009 ya fito. To ke lissafa.

Zee: To ai yaya wanda ya riga zuwa ba shi ne magana ba, abin da ya ɗaga ta nake nufi. Mutum nawa ne suka kalli Wizards in ka haɗa da waɗanda suka ji waƙoƙinta?

Ɗan Kiɗa: Wizards ɗin ne ya sa aka saurari waƙar ai. Ki gane yadda Disney suke yi, su kamar mai kiwon kaji ne, ƙwai kuɗi nama kuɗi. In yarinya ta karɓu a talabijin sai su tura ta Hollywood Records, wanda shi ma kamfaninsu ne, a rubuta mata waƙa a haɗa mata 'yan kiɗa, a riƙa saka bidiyon a tasharsu tsakanin shiri da shiri, yaran da suke kallo su matsa wa iyayensu a sayo musu faifai. Haka aka yi da Miley, haka aka yi da Demi, haka aka yi da Selena aka ce mata Selena Gomez & the Scene. Albam uku suka yi a jere, 2009, 2010, 2011, duk shekara ɗaya, kina ganin wannan ai kin san kasuwa ce ake ci tun da zafinta. Bambancin kawai Miley da Demi suna da maƙogwaro, ita kuwa muryarta siririya ce, sai a situdiyo take daɗi.

Ummu Hanan: Kai Ɗan Kiɗa ka cika son kushe wlh. Siririyar muryar ce ta kai ta lamba ɗaya a Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 2019 da Lose You to Love Me. Ba kowace waƙa ce sai an buɗe maƙogwaro an yi ihu ba, akwai waƙar raɗa, kuma ita ta san iyakar muryarta ba ta kai kanta inda Allah bai kai ta ba. Ka je ka sake jin albam ɗin Revival na 2015, lokacin ta bar hannun Disney ta koma Interscope, salon gaba ɗaya ya canza.

Ɗan Kiɗa: Anti ban ce ba ta da waƙoƙi masu daɗi ba fa. Nace a tsayar da ita a dandamali babu na'urar gyaran murya mu gani. A bikin American Music Awards na 2019 ɗin da kike magana ai kowa ya ji yadda muryar ta riƙa zamewa.

Ummu Hanan: Wanda ta yi bayan ta daɗe rabonta da hawa dandamali, ga ciwo ga fargaba? Haba dai.

Baban Sultan: Ni abin da ya kawo ni nan waƙarta da Rema. Duk surutun da za ku yi ku yi, amma shigarta cikin Calm Down a 2022 ya kai waƙar nan inda ba a zata ba. Ta kai lamba uku a Hot 100, ta haye sau biliyan ɗaya da aka saurara a Spotify, kuma a 2023 su biyun suka karɓi kyautar MTV ta waƙar Afrobeats, karon farko kenan da aka ware wannan rukunin.

Ɗan Kiɗa: Waƙar fa ta riga ta yi tashe kafin ta shiga, kada mu rage wa yaron nan haƙƙinsa. Abin da ta kawo gidajen rediyon Amurka ne da mabiyanta, ba wai baitinta ne ya gyara waƙar ba. Ni har yau ta asalin nake ji.

Baban Sultan: To ai shi ma wannan ɗin ba ƙaramin abu ba ne malam. Mace ta farko da ta kai mabiya miliyan 400 a Instagram ka ce mabiya kawai ta kawo, hhh.

Anti Nas: Ku bari in shigo ta ɓangaren da na sani, don duk wanda zai yi maganar aikin yarinyar nan bai sako ciwonta ba to rabin labari ya bayar. Tana da cutar lupus. Ita wannan cutar garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta riƙa yaƙar jikin da kanta, ta taɓa gaɓoɓi ta taɓa fata, ga gajiya wadda barci ba ya maganinta, in ta yi tsanani ta sauka a ƙoda. Kuma mata ta fi kamawa nesa ba kusa ba, kusan tara cikin goma na masu ita mata ne. A ƙarshen 2013 Selena ta soke ragowar zagayen waƙarta na Ostireliya da Asiya, farkon 2014 aka ji ta shiga wata cibiyar jinya a Arizona, nan fa jaridun gulma suka ce ai shaye-shaye ne. Sai a 2015 ta fito ta ce lupus ne, har irin maganin da ake yi wa masu kansa aka yi mata don a danne garkuwar jikin. A 2016 ta sake yanke zagayen Revival a tsakiya saboda fargaba da ciwon damuwa, kuma tun daga nan ba ta sake fita zagayen waƙa ba. A 2017 ƙodarta ta gaza sai da aka yi mata dashe, bayan aikin ma wata jijiyar jini ta samu matsala aka sake mayar da ita tiyata cikin gaggawa aka ciro jijiya daga cinyarta aka gyara. To ku gaya min, mai wannan jikin ce za ta riƙa tsalle a dandamali awa biyu yau a wannan gari gobe a wancan, wata da watanni? Shi mawaƙi a can ƙasar yanzu kuɗinsa a zagaye yake. Wasan talabijin kuwa gari ɗaya ne, lokaci ƙayyadadde, likitanki na kusa. Ni a ganina jikin ne ma ya taya ta zaɓa.

Zee: Innalillahi, wlh ban san abin ya kai haka ba Anti. Allah sarki. To shi ya sa wani lokaci sai ka ganta ta yi ƙiba wani lokaci ta rame?

Anti Nas: Shi ne ƙanwata. Magungunan da ake ba su suna tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura, in an rage sai ta saɓe. Kuma wanda aka yi wa dashen ƙoda shan magani ne har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Ita da kanta ta yi wannan bayanin a TikTok a 2023 da mutane suka dame ta da zancen ƙiba. Abin haushi wai mace tana fama da ranta wasu na can suna auna mata ƙugu.

Ummu Hanan: Kuma ƙawarta ce fa ta ba ta ƙodar, Francia Raisa, ita ma 'yar fim ce.

Hajjo: Yauwa an zo wajen. Ni nan ne na ɗan ja baya da ita gsky. Mutum ya yanke jikinsa ya ba ki ƙoda, sannan a 2022 ki zauna da mujallar Rolling Stone ki ce Taylor Swift ce kaɗai ƙawarki a masana'antar? Ko da wasa ai bai kamata ba. Wanda ya ba ka ƙoda ai ya wuce aboki ya zama ɗan'uwa, sunanta ya kamata ya fara fitowa daga bakinta.

Ummu Hanan: Hajjo maganar mawaƙa take yi a wajen, Francia kuwa ba mawaƙiya ba ce. Kuma ai sun shirya daga baya, an gansu tare.

Hajjo: Sun shirya bayan duniya ta yi mata ca. Ni dai ban ji daɗi ba.

Anti Nas: Hajiya Hajjo ki yi haƙuri in ɗan saɓa miki. Kyautar gaɓa ba bashi ba ce, tun kafin a yi aikin likitoci suke zaunar da mai bayarwa su tabbatar ba tilasta shi aka yi ba kuma ba wani abu yake jira a mayar masa ba. In aka ce duk wanda aka ba ƙoda sai ya yi ta godiya a bainar jama'a har ya mutu to an ɗora masa wani ciwon a kan na da. Tsakaninsu ne, mu ba mu san me aka yi a ɗaki ba.

Hajjo: Na ji Anti, amma alheri dai ba a manta shi.

Sadiq: Wai duk ba wanda zai taɓo Justin Bieber ne, ko tsoro kuke ji 😂

Admin: Sadiq kada ka ɓata mana zaren nan. Sun yi soyayya sun rabu, ya auri Hailey a 2018, ita ma ta auri Benny Blanco a watan Satumba 2025 a Kalifoniya. Magana ta ƙare, a koma kan aikinta.

Sadiq: Tuba nake ranka ya daɗe. Amma dai Lose You to Love Me ɗin da ake ta yabo kowa ya san da wa take.

Malam Habu: Ni ba mai jin waƙa ba ne sosai amma na kalli Only Murders in the Building, kuma a nan ne na yarda yarinyar nan 'yar wasa ce ta gaske. Tun 2021 ake yinsa a Hulu, labarin maƙwabta uku ne a wani tsohon bene a New York da suke binciken kisan kai suna naɗar shirin murya a kai. An haɗa ta da Steve Martin da Martin Short, dattawan barkwanci waɗanda sun yi jika da ita, ɗaya an haife shi 1945 ɗaya 1950, tun kafin a haifi mahaifiyarta suke ba mutane dariya. Su biyun surutu da rawar kai, ita kuwa a Mabel sai ta ɗaure fuska ta jefo magana ɗaya a bushe ta kashe su duka. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, tsayawa tsakanin gwanaye biyu ba tare da sun shanye ka ba, har Meryl Streep ta shigo a zango na uku kuma ba a nemi Selena an rasa ba. Kuma in kun lura irin wannan bushewar fuskar ce tun a Alex Russo, wato abin nata ne tun tana yarinya ba koya mata aka yi da girma ba. A 2024 aka saka sunanta a takarar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a rukunin jarumar shirin barkwanci.

Ɗan Kiɗa: Malam ka gama magana. Abin da nake ta faɗa kenan tun ɗazu, a waƙa tana cikin jerin masu kyau, a barkwancin talabijin kuwa tana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Hajjo: Ni kuwa wannan ɗaure fuskar ce take gundura ta, kullum murya ɗaya kamar wadda aka tasa daga barci. Anya iyawa ce ko dai iyakar abin da za ta iya kenan?

Malam Habu: Tambayarki tana kan hanya Hajiya. Za a gane hakan ne a finafinan da ta fita daga wannan layin. Spring Breakers da ta yi tana ƙoƙarin wanke sunan 'yar Disney, rawar da ta taka ba ta da yawa, tun fim bai yi nisa ba ta fice. Sai Emilia Pérez na 2024 wanda Bafaranshe Jacques Audiard ya ba da umarni, ta fito a matar wani uban 'yan ƙwaya. A bikin Cannes an ba su kyautar jaruma su huɗu a haɗe, ita da Zoe Saldaña da Karla Sofía Gascón da Adriana Paz. Amma da aka zo Oscar ita ba a saka sunanta ba, Zoe ce ta ɗauka. Ni a nawa kallon ta yi ƙoƙari amma ba ta kai yadda take sakewa a talabijin ba.

Baban Sultan: Ba a fim ɗin nan ne 'yan Meziko suka yi mata dariyar Sifaniyancinta ba?

Malam Habu: Shi ne. Har wani babban ɗan wasansu Eugenio Derbez ya soke ta a fili, daga baya ya ba da haƙuri. Fim ɗin gaba ɗaya ma bai yi wa mutanen Meziko daɗi ba, suna ganin an ɗauki bala'in da ke damunsu an mai da shi waƙa da rawa, kuma a Faransa aka ɗauki yawancinsa.

Ummu Hanan: Wannan sukar ta yare ni ta ba ni haushi. A Grand Prairie ta jihar Texas aka haife ta a 1992, mahaifinta ne ɗan asalin Meziko, kuma iyayen sun rabu tana shekara biyar ta tashi a hannun uwarta wadda ta haife ta tana 'yar shekara 16. A ina za ta riƙe yaren? Duk da haka ba ta taɓa ɓoye asalinta ba, sunanta ma na mawaƙiyar nan ce Selena Quintanilla da aka harbe a 1995. Ta rubuta a mujallar Time yadda gwaggonta ta tsallako iyaka a ɓoye a bayan mota a shekarun 1970, ta shirya wa Netflix shiri kan baƙin haure a 2019, ta yi ƙaramin albam da Sifaniyanci a 2021 wanda shi ne ma ya fara kai sunanta takarar Grammy. In ta yi yaren a ce bai nuna ba, in ba ta yi ba a ce ta watsar da gida.

Zee: Uwarta na da 16?? Kai. To ashe ba 'yar masu kuɗi ba ce.

Ummu Hanan: Ina fa. Ta sha ba da labarin yadda suke lalube cikin mota suna haɗa tsabar kuɗi don su zuba mai. Uwar tana wasan daɓe, wajen rakiyar ta gwaji ne ita ma sha'awar ta shige ta.

Malam Habu: Wannan ma wani abin dubawa ne, yaron da ya zama shi ne mai ciyar da gida tun bai balaga ba. A Kalifoniya har doka ce da su, dokar Coogan, dole a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro ɗan fim a ajiye masa sai ya girma, saboda wani yaro Jackie Coogan da ya tara dukiya a zamanin finafinan da ba magana, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye. Amma doka kuɗi take karewa, ba ta hana a bi yarinya 'yar shekara 15 da kyamara duk inda ta sa ƙafa. Cikin 'yan Disney na zamaninsu ku duba nawa ne suka fita lafiya ƙalau.

Anti Nas: Ita ma ai ba ta fita ƙalau ba Malam. A 2018 sai da aka kwantar da ita saboda lalurar ƙwaƙwalwa, a 2020 ta bayyana cewa tana da baifola, wato ciwon da mutum zai yi sama can cikin zumuɗi da rashin barci sannan ya faɗo ƙasa cikin baƙin ciki mai nauyi. Ta nuna komai a fim ɗin rayuwarta My Mind & Me na 2022, har wuraren da ba su yi mata kyau ba, tana faɗa da na kusa da ita tana kuka ba kwalliya. Kuma a 2024 ta ce saboda lafiyarta ba za ta iya ɗaukar ciki da kanta ba. Ba kowace mai suna ce za ta faɗi wannan ba.

Hajjo: To amma mai wannan lalurar ce kuma ta sa hannu aka yi 13 Reasons Why a 2017, shirin da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ta kuka da shi saboda yadda aka nuna yarinya tana kashe kanta ƙiri-ƙiri. Sai 2019 Netflix suka yanke wajen. Tana cikin furodusoshi fa, ba za a ce ba ta sani ba.

Anti Nas: Nan kam ina bayanki Hajiya. Niyya mai kyau ce amma nuna hanyar da aka bi dalla-dalla kuskure ne, duk mai aikin lafiya ya san haka, kuma shekara biyu kafin a cire ya yi yawa.

Sadiq: Ku kuna ta fim ko waƙa fim ko waƙa, alhali kuɗin ba a nan yake ba. Jambaki da hoda ne suka mai da ita attajira. Kamfaninta na kayan kwalliya Rare Beauty ta buɗe shi a Satumba 2020 ana tsakiyar korona, jan kumatun nan na ruwa ya yi tashe a TikTok, zuwa 2024 Bloomberg suka ce dukiyarta ta kai dala biliyan 1.3 kuma mafi yawa daga kamfanin ne. Don haka amsar tambayar Zee ita ce 'yar kasuwa ce 😂

Baban Sultan: Forbes dai sun ce ba ta kai biliyan ba. Irin wannan lissafin ƙiyasin darajar kamfani ne ba kuɗi a asusu ba.

Sadiq: Ko rabin ne Baba ai ta wuce ni da kai.

Ummu Hanan: Kuma kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin yana tafiya asusun da ta kafa na taimakon masu lalurar ƙwaƙwalwa, burinsu su tara dala miliyan 100 cikin shekara goma. Tun tana 17 ma UNICEF suka naɗa ta jakadiya a 2009, har Ghana ta je.

Ɗan Kiɗa: Kashi ɗaya dai Anti, saura 99 fa? Talla ce mai kyau, ban ce ba ta taimaka ba amma talla ce. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tunda kuɗin kwalliya suka shigo ba ta sake yin albam nata ita kaɗai da Turanci ba, Rare na 2020 shi ne na ƙarshe, na 2025 kuwa da Benny Blanco suka yi shi tare kuma ba ta fita zagaye da shi ba. Amma Only Murders duk shekara sai an yi sabon zango, har Wizards ta koma ta farfaɗo da shi a 2024 tana furodusa tana leƙowa a Alex. Kuma da bakinta ta faɗa a wata hira a farkon 2024 cewa in zaɓi ne wasan za ta ɗauka. Mutumin da ba ya neman na abinci, abin da ya ci gaba da tashi da asuba dominsa shi ne sana'arsa.

Zee: Hmm. Ni dai har yanzu in an ce Selena waƙa ce take fara zuwa min a kai, yaya ko za ka shekara kana bayani. Malam Habu wannan Only Murders ɗin dole sai daga zango na ɗaya ake farawa ko zan iya shiga ta tsakiya?

Malam Habu: Kowane zango da gawarsa da mai kisansa, amma ƙarshen kowanne shi yake buɗe na gaba, in kika shiga ta tsakiya za su tona miki wanda ya yi kisan baya. Fara daga na ɗaya, kashi goma ne kuma kowanne wajen rabin awa.

Hajjo: In kin kai na biyu ki dawo ki gaya mana ko fuskar ta taɓa motsi.